Wasan kotun da na buga da Japananci, da abin da ya tono mini

Na zo Osaka karatu da ɗan guzurin da bai taka kara ya karya ba: haruffan hiragana da katakana, gaisuwa, da yadda ake tambayar kuɗin kaya. A ɗakin bincikenmu na jami'a malamai suna yi mini Turanci, don haka karatu bai tsaya ba. Amma da zarar na fita daga harabar makaranta sai in koma kurma kuma bebe. Wasiƙa za ta zo daga ofishin gunduma kan inshorar lafiya, in riƙe ta ina juyawa, ban san ko kuɗi ake nema ba ko sanarwa ce kawai. Haruffan kanji, waɗanda aka aro daga rubutun China, da gwamnati ta ware don amfanin yau da kullum guda 2,136 ne, ni kuwa waɗanda na sani a lokacin ba su kai a yi maganarsu ba. Littafin darasi yana koya mini yadda zan ce gobe zan je gidan waya, alhali abin da nake bukata shi ne in fahimci abin da mutane ke nufi idan suka yi magana da sauri, ko suka yi fushi, ko suka ɓoye wani abu.

Wani ɗalibi da ya riga ni shiga ɗakin binciken, wanda bisa al'adarsu nake kiransa senpai, shi ya lura da halin da nake ciki. Wata Asabar ya kai ni unguwar Nipponbashi, inda shagunan kayan lantarki da tsofaffin wasanni suke jere, ya zaɓar mini na'urar Nintendo DS ta hannu, wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, da wani ɗan kaset ƙarami. Na ce masa, "Senpai, ni fa ba mai buga wasa ba ne." Ya ce, "Wannan karatu ne. Littafinka ba zai koya maka yadda mutane ke yin ƙarya ba, wannan zai koya maka." Ya kuma gargaɗe ni cewa kaset ɗin yana da wurin da ake juya shi zuwa Turanci, kada in kuskura in taɓa.

Sunan wasan Gyakuten Saiban. Kamfanin Capcom, wanda hedikwatarsa ke nan Osaka, shi ya fitar da shi a watan Oktoba na 2001 a kan Game Boy Advance, na'urar wasa ta hannu da ta riga DS fitowa. Shu Takumi ne ya rubuta labarin ya kuma jagoranci aikin, tare da ƙaramar tawaga ta mutum bakwai. Na biyu ya fito a 2002, na uku a 2004, sannan a 2005 aka sake fitar da na farkon a kan DS da ƙarin shari'a ta biyar. A wannan shekarar ne aka fassara shi zuwa Turanci, aka canza sunayen mutanen, aka ɗauke labarin daga Japan aka kai shi Amurka. Wanda na saya shi ne na 2005 ɗin, na gida, inda jarumin yake da sunansa na asali, Naruhodo Ryuichi, sabon lauya da bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

Tsarin wasan kashi biyu ne. Wani lokaci kana yawo wurin da aka yi kisa, kana duba kaya, kana yi wa mutane tambayoyi. Wani lokaci kuma kana zauren kotu. A kotun ne wasan yake da rai. Shaida zai tsaya ya faɗi abin da ya gani cikin 'yan jimloli, sai a miƙa maka shi. Jimlolin nan za ka iya bin su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, sau nawa ka ga dama. Kowace jimla kana da zaɓi biyu: ko ka matsa wa shaidan ya ƙara bayani, ko ka ɗauko wata hujja daga kundin kotu ka nuna cewa maganarsa ta ci karo da ita. In ka nuna hujjar da ba ita ba, alƙali ya cire maka maki, in makin biyar suka ƙare ya yanke wa wanda kake karewa hukunci. Ga mai koyon harshe wannan tsari alheri ne babba, domin wasan ba ya barin ka wuce sai ka fahimta. Ba za ka iya yin kamar ka gane ba. Ko ka san abin da jimlar ta ce daidai, ko ka zauna a wurin.

Shari'ar farko gajera ce, Bajapane zai gama ta kafin shayinsa ya huce. Ni kuwa darare na yi a kanta. Ana tuhumar Yahari, abokin Naruhodo tun yarinta, da kashe budurwarsa. Shaidan, wani mai tallar jarida gida-gida, ya ce ya ga gawar da ƙarfe 2 na rana. Rahoton binciken gawa ya ce bayan ƙarfe 4 ta mutu. Wannan ita ce tufka da warwarar farko da na kama da kaina. Na zauna a kan tabarmar tatami, ƙamus buɗe a wayata, ina zana kanji da yatsa a fuskar wayar saboda wasan ba ya rubuta yadda ake furta su a sama, har na gane cewa waɗannan haruffan suna nufin lokacin mutuwa. Da na haɗa su da maganar shaidan sai gabana ya faɗi. Na danna hujjar, Naruhodo ya buga tebur da hannu biyu ya miƙa yatsa ya daka tsawa: "Igiari!", wato ban yarda ba. Kiɗan ya tsaya cak, sannan ya dawo da wani sabon sauti. Daga baya na samu labarin cewa muryar nan ta Takumi ce da kansa, domin ma'aikatan da suka yi wasan su ne suka ba da muryoyinsu.

Shaidan ya gyara magana, ya ce a talabijin ya ji an faɗi lokacin. Sai dai akwai takarda a kundin da ta nuna an ɗauke wuta a ginin a wannan yinin. Wannan kam ban sha wahala ba, wanda ya tashi a garinmu ba a koya masa cewa talabijin ba ya magana in babu wuta. A ƙarshe aka gano cewa gunkin da aka buga wa yarinyar a ka agogo ne mai faɗin lokaci da murya, kuma shaidan ya ji shi ne a daidai lokacin da shi kansa ya yi bugun. Me ya sa agogon ya ce ƙarfe 2 alhali ƙarfe 4 ne? Fasfo ɗinta ya nuna kwana ɗaya kafin nan ta dawo daga New York, wasan ya ce tazarar lokaci awa 14 ce, kuma ba ta mayar da agogon lokacin Japan ba. Da alƙali ya wanke Yahari, haruffa biyu manya suka faɗo a fuskar na'urar, aka watsa takardun murna, na tarar hannuna yana rawa. Tun zuwana ƙasar, ranar ce ta farko da na yi amfani da Japananci na cimma wani abu da ya wuce sayen shinkafa.

Abin da Japanancin ya ba ni wanda ba na jin zan samu a fassara shi ne muryoyin mutane. Babu mai magana da baki a wasan in ban da ihun nan na kotu, rubutu ne kawai a ɗan akwati mai layi biyu, yana fitowa da ƙara ƙit-ƙit-ƙit. Amma kowa da irin rubutunsa. Ɗan sanda mai bincike, Itonokogiri, wanda kullum ake yi wa barazanar rage albashi, yana gutsure ƙarshen jimlolinsa irin yadda samarin da muke aikin dare tare a masana'antar shirya abinci suke yi wa shugaban aiki magana, ladabi ne amma na gaggawa. Mitsurugi, mai gabatar da ƙara, maganarsa a miƙe take, a tsare, babu ɗumi. Tsohuwar mai gadin kamfanin shirya fim a shari'a ta uku, in ta fara mita, rubutun yana gudu da kansa ba ya jiran ka danna, har ya cika akwatin ya wuce. Ban taɓa iya karanta mitar nan duka ba, amma na gane cewa haka aka so, domin na haɗu da irinta a layin kantin unguwarmu. Sai kuma Natsumi mai ɗaukar hoto a shari'a ta huɗu, wadda ta buɗe baki da karin harshen Kansai, yankin da Osaka take ciki. Na yi murna ƙwarai da na gan ta. Watanni ina jin maƙwabtana suna magana da wani abu da babu shi a littafi, ina zaton kunnena ne bai da kyau, ashe karin garinsu ne, ga shi a rubuce ina iya tsayar da shi in duba.

Har zuwa nan darasin harshe nake yi. A shari'a ta biyu al'amarin ya canza.

An kashe Chihiro, lauyar da Naruhodo yake aiki a ƙarƙashinta, a cikin ofishinta. An samu takarda kusa da gawar, an rubuta sunan ƙanwarta Mayoi da jini. Nan take aka kama yarinyar, 'yar shekara 17. Wasan ya riga ya nuna maka fuskar wanda ya yi kisan tun a buɗewa, don haka ka san ba ita ba ce. Sai ka je wurin da ake tsare da ita, gilashi a tsakaninku, ɗan sanda tsaye a bayanta. Ta roƙe ka ka je wurin wani babban lauya da yayarta ta taɓa ambata mata. Ka je, ya ƙi karɓar shari'ar, yana ta kame-kame, domin wanda ke bayan abin mutum ne da yake riƙe da asirin manya. Ka dawo wurin gilashin nan dole ka faɗa mata. Na karanta wannan wurin a hankali kamar yadda nake karanta komai, kalma bayan kalma, kuma sannu-sannun nan ne ya cuce ni, domin ban samu damar wucewa da sauri ba. Na rufe na'urar na kwanta, barci ya ƙi zuwa.

Yayana ya taɓa zama a bayan irin wannan shingen, sai dai nasa waya ce da ƙarfe. Ina sakandare a lokacin. Shi ne mai kula da sito a wani wurin ajiye kaya, aka wayi gari kaya sun ɓace, mai wurin ya ce shi ne, tun da makulli yana hannunsa. Aka tafi da shi. Sharuɗɗan belin da aka sa sun fi ƙarfin gidanmu, mahaifinmu ya rasu, ba mu da wani mai babban muƙami da zai tsaya. Ya shafe fiye da shekara yana jiran shari'a. Duk ranar zama ni nake raka Inna. Za mu fita da sassafe, ta ɗaura abincin da za ta ba shi a ɗankwali, mu zauna a benci na baya. Ana magana da Turanci, Turancin ma na lauyoyi, ni da nake makaranta kaɗan nake tsinta. Inna takan riƙe gefen rigata ta ce, "Me suka ce? Ɗan nan, me suka ce?" Sau da yawa amsar ita ce an ɗage. Fayil bai zo ba, an ɗage. Shaida bai zo ba, an ɗage. Akwai tafinta, amma yakan dunƙule maganar minti biyar cikin jimla ɗaya, kuma fuskarsa na kallon Yaya, ba ya kallonmu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda unguwa ta gama yanke hukuncinta tun a makon farko. Mutanen da suka ci abinci a gidanmu suka riƙa cewa ai biri ya yi kama da mutum.

Wata matashiyar lauya ce ta fitar da shi, kuma ko sisi ba ta karɓa ba. Abin da ta yi ba wani abin al'ajabi ba ne. Ta zauna ta karanta takardun fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya, ta ga cewa ranar da aka sa hannu aka fitar da kayan, Yaya yana ƙauye wurin jana'izar kawunmu, kuma sa hannun ba nasa ba ne. Takardar tana cikin fayil tun ranar farko. Babu wanda ya karanta ta. Yaya ya fito, amma aikin ya tafi, auren da aka sa masa rana ya watse, kuma har yau ba ya iya kwana a ɗakin da aka kulle ƙofarsa.

Shekaru na yi ban buɗe wannan babin ba, har a raina. Wasan yara a ƙaramar na'ura, a harshen da ban gama iyawa ba, shi ya buɗe shi. Na yi tunani a kan dalili. Da da Turanci na buga, ina jin da na ji daɗinsa na wuce. Amma da Japananci, a zauren kotun nan ni ne Inna. Mai gabatar da ƙara yana zuba magana, alƙali yana gyaɗa kai, 'yan kallo suna gunaguni, ni kuwa ina fafutukar gane abin da ake cewa a kan mutumin da rayuwarsa ke hannuna. Bambancin kawai shi ne a nan an ba ni maɓallin komawa baya. Zan iya cewa a tsaya, a maimaita. Kuma aikin da wasan yake nema daga gare ni shi ne ainihin aikin da lauyar nan ta yi: ka karanta takardar da kowa ya tsallake.

Wanda bai buga ba kuma yake da niyya, ya yi haƙuri, zan taɓa sirrin shari'a ta huɗu, domin ita ce zuciyar wasan. Wannan karon Mitsurugi ne ake tuhuma, mutumin da ya yi ta ƙoƙarin ɗaure waɗanda kake karewa. Babu lauyan da ya yarda ya tsaya masa, domin wanda zai gabatar da ƙarar shi ne malaminsa, Karuma, wanda ya yi shekara 40 bai taɓa faɗuwa a shari'a ba. Karuma yana magana da Japanancin dattawan da, yana kaɗa yatsa, alƙali ma umarni yake ba shi. A tsakiyar wannan ne Naruhodo ya faɗi dalilin da ya sa ya zama lauya. Suna aji huɗu na firamare kuɗin abincin wani yaro ya ɓace, yen 3,800. Shi kaɗai ne bai fita darasin motsa jiki ba ranar, sai aji ya kafa masa kotu. Yara suna ihu shi ne, malamar ma ta ce ya ba da haƙuri kawai. Yana kuka zai amsa laifin da bai yi ba, sai yaron da aka sace wa kuɗin ya miƙe ya ce babu hujja, don haka babu laifi. Yaron nan Mitsurugi ne. Yahari ma ya goya masa baya. Japanancin wannan wurin mai sauƙi ne, maganar yara ce, ban buɗe ƙamus ba ko sau ɗaya. Na karanta ina hawaye.

Sauran shari'ar tana da ban dariya da ban tausayi a cakuɗe. Har aku aka kira ya ba da shaida, kuma aka yi masa tambayoyi da gaske, domin abin da aka koya masa ya faɗa shi ne ya tona ainihin sunan mai shi. Tushen komai wani kisa ne da aka yi shekara 15 baya a cikin lif na kotu, bayan girgizar ƙasa ta katse wuta, inda mahaifin Mitsurugi ya mutu. Wa'adin shigar da ƙara a kan kisan zai cika ne a ranar ƙarshe ta zaman, 28 ga Disamba. Wannan wa'adin ba ƙirƙira ba ce: lokacin da aka rubuta wasan dokar Japan ta ba da shekara 15 ga laifin kisa, daga baya aka mayar da shi 25, sannan a 2010 aka soke shi gaba ɗaya. Yadda aka gano harsashin da ya kwana shekara 15 a kafaɗar Karuma da na'urar gano ƙarfe, wannan sai mutum ya gani da idonsa.

Ba komai na wasan ne ya kwanta mini ba. Mayoi 'yar gidan masu kiran ruhin matattu ce, kuma akwai wuraren da marigayiya Chihiro take shiga jikinta ta ba Naruhodo shawara. A matsayina na Musulmi wannan ba abin da na yarda da shi ba ne, na ɗauke shi a matsayin tatsuniyar mutanen da suka rubuta shi. Abin da na lura da shi dai, labarin kansa bai mayar da maganar matattu hujja ba: a tsohon kisan nan 'yan sanda sun nemi taimakon mahaifiyar Mayoi, ruhin ya nuna wanda ba shi ba, rayuwar bawan Allah ta lalace. Zanen wasu matan ma ya wuce kima, ba abin da zan miƙa wa ƙaramin yaro ba ne kai tsaye. Sashen bincike kuwa yakan ja, wani lokaci sai ka taɓa kowane lungu na ɗaki kafin labari ya motsa. Akwai kuma inda ka riga ka gano gaskiya, amma wasan yana so ka bi ta matakalar da ya tsara, in ka yi tsalle ya hukunta ka.

Babban abin da ya tsaya mini shi ne dokar kotun kanta. A duniyar wasan an ƙayyade kowace shari'a kada ta wuce kwana 3, kuma a aikace ba ya isa ka nuna cewa hujjar masu ƙara ba ta da ƙarfi, sai ka kawo wanda ya yi laifin da hannunka. Mu da muka tashi da jin cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, wannan juyin waina ne. Na yi wa senpai ƙorafi, sai ya ce in je in karanta yadda ainihin kotunansu suke. Na karanta. Fiye da kashi 99 cikin 100 na shari'o'in laifi da suka kai gaban alƙali a Japan suna ƙarewa da samun mutum da laifi. Masu kare tsarin suna cewa dalili shi ne masu gabatar da ƙara ba sa shigar da ƙara sai sun tabbata za su ci, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ana iya tsare mutum har kwana 23 kafin a tuhume shi, ana yi masa tambayoyi lauyansa ba ya cikin ɗakin. Sai a watan Mayu na 2009 aka fara tsarin da talakawa shida suke zama tare da alƙalai uku a manyan laifuka.

Ina cikin shari'a ta biyar, wadda ta fi kowace tsawo da wuyar harshe, sai labarin Hakamada Iwao ya cika talabijin. Tsohon ɗan dambe ne da yake aiki a masana'antar miso, wato daddawar waken suya ta Japanawa, a yankin Shizuoka. A 1966 aka kashe wani manajan kamfanin da matarsa da 'ya'yansu biyu, aka cinna wa gidan wuta. Bayan kusan kwana 20 ana titsiye shi ya amsa laifi, a gaban alƙali kuma ya janye. Fiye da shekara guda bayan kisan sai aka ce an tsinci tufafi biyar masu jini a cikin tankin miso, wandon ma bai shige shi ba da aka gwada. A 1968 aka yanke masa hukuncin kisa, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1980. Ɗaya daga alƙalai ukun farko, Kumamoto Norimichi, ya fito a 2007 ya ce shi tun asali bai yarda mutumin ya yi ba. An sake shi a 2014, amma sai ranar 26 ga Satumba, 2024 kotun Shizuoka ta wanke shi, ta ce hujjojin ƙirƙirarsu aka yi. Abin da ya warware shari'ar ƙaramin abu ne: jinin da ya daɗe haka a cikin miso ba zai ci gaba da zama ja ba. A lokacin yana da shekara 88, zaman jiran igiya ya taɓa masa hankali, yayarsa Hideko mai shekara 91 ita ta riƙa zama a madadinsa a kotu. Na kalli hirar da aka yi da ita a labaran dare, na fahimci mafi yawan abin da mai labaran ya faɗa ba tare da fassara ba, kuma kalmomin shari'ar duk a wasan nan na koye su. Da na dubi tsohuwar nan tana murmushi gaban 'yan jarida, Inna na gani.

Bayan na gama wasan na je ainihin kotu. A Japan kowa yana iya shiga ya saurari shari'a ba tare da neman izini ba. Kotun Gundumar Osaka tana Nishitenma, kusa da kogi. An duba jakata a ƙofa, na duba jadawalin zaman ranar, na zaɓi wadda za a fara daga farko. An hana ɗaukar hoto da naɗar murya, amma ana iya rubutu. Babu ihu, babu buga tebur, alƙalan Japan ma ba sa amfani da guduma sam. Lauyan yana da ƙaramin bajo mai siffar furen rana a ƙirjinsa, irin wanda Naruhodo yake nuna wa duk wanda ya haɗu da shi. Aka shigo da wani saurayi ɗan wata ƙasa ta kudu maso gabashin Asiya, da ankwa a hannu da igiya a ƙugu, aka kwance shi kafin a fara. Laifinsa wuce wa'adin biza. Wata mata tafinta ta yi rantsuwa ta zauna a gaban alƙali. Alƙalin ya gaya masa yana da 'yancin yin shiru, ya dakata, ta fassara, ya jira har saurayin ya amsa. Haka aka yi ta yi jimla bayan jimla. A wani wuri saurayin ya faɗi wata magana mai tsawo kan bashin da ya ci kafin ya zo, tafintar ta ɗaga hannu ta nemi ya maimaita, ta rubuta, sannan ta faɗe ta duka ba ta rage ba. Zaman bai kai awa guda ba.

Da na fito na tambayi ma'aikacin kotu yadda ake zama tafinta. Babu wata jarrabawar ƙasa ta musamman. Mutum yana halartar zaman shari'o'i, ya miƙa takardunsa, alƙali ya yi masa tambayoyi, in ya dace a sa sunansa cikin jerin waɗanda ake kira. Ya tambaye ni wane harshe, na ce Turanci da Hausa. Ya sa na maimaita na biyun, ya rubuta shi da katakana. Japanancina bai kai ba tukuna, don haka na yi rajistar jarrabawar ƙwarewa a harshen Japananci a mataki mafi girma, N1, wadda ake yi a Yuli da Disamba, kuma duk ranar da ba ni da aiki a ɗakin bincike nakan je in zauna a bencin masu sauraro da littafin rubutuna. Na kira Yaya na gaya masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Ya taimaka, ƙanena. In ka zama, ka riƙa juyowa kana kallon na baya." Na koma Nipponbashi na sayi kashi na biyu na wasan, inda 'yar Karuma ce take gabatar da ƙara, kuma yanzu ina shari'arsa ta uku.